Tambayi Likitan Dabbobi: Me Ke Sa Kare Ya Yi Cizo?

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk a kan abu guda suka taru, wato karen da ya fara zafi. Likitocin dabbobi da masu horar da karnuka na wannan fili ne suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Karena ɗan wata 14 ne, tun yana kwikwiyo yake wasa da yarana. Shekaranjiya ƙaramin ɗana ya matsa kusa da shi yana cin abinci, sai ya kai masa cafka a hannu, amma bai huda fata ba. Da can yakan yi gurnani in an kusanci kwanonsa, nakan kwaɗa masa sanda, har ya daina. Me ya sa yanzu ya yi haka ba zato ba tsammani? (Wani magidanci)

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, amsar tana cikin wasiƙarka. Sandar nan gurnanin kawai ta kashe, fargabar a ƙwace masa abinci kuwa tana nan daram. Gurnani gargaɗi ne. Karen da aka daka a kan gurnani yakan gane cewa gargaɗi ba ya jawo masa komai sai duka, sai ya tsallake shi ya wuce kai tsaye zuwa haƙori. Ga kuma shekarunsa: tsakanin shekara 1 da 3 ne kare ke cika girma, a nan ne irin wannan hali ke fitowa fili.

Kafin gurnanin ma akwai alamun da mutane ba sa lura da su. Zai lashi hanci alhali babu komai a bakinsa, ko ya yi hamma ba barci yake ji ba. Zai kau da kai yana satar kallonka har farin idonsa ya bayyana, kunnuwa a kwance ta baya. In yana kan kwano, zai ƙara saurin ci, ya sunkuyar da kai ya rufe kwanon da ƙirjinsa. Alama mafi haɗari ita ce ya daina tauna ya sandare, baki a rufe. Daga nan zuwa cizo bai fi ƙiftawar ido ba. Kaɗa wutsiya ma kada ta ruɗe ka. In jiki a sake yake, ƙugu na bin wutsiyar, murna ce. In kuwa ta miƙe sama tana karkarwa a sandare, a ja da baya.

Abu ɗaya mai daɗi a labarinka: babban kare haƙora 42 gare shi, da ya yi nufin rauni da ya yi. Da bai huda ba, ya san ƙarfin bakinsa ke nan, kuma irin wannan yana gyaruwa.

Daga yau a riƙa ba shi abinci inda yara ba sa shiga, a rufe ƙofa, a ba shi minti 15, kada a ɗauke kwanon sai ya fita. Sannan babba guda ya ɗauki aikin gyaran. Ka nemo tazarar da kake iya tsayawa yana ci jikinsa a sake, a ce mita 3. Ka gitta ta wajen, ka jefa masa ɗan yankan nama, abin da ya fi na kwanon daɗi, ka wuce abinka ba tare da ka tsaya ba. Ka yi haka sau 5 zuwa 10 a kowane ci. Bayan kwana 3 ko 4, in ka ga yana ɗago kai yana jiran zuwanka, ka rage rabin mita. In ya sandare ko ya ƙara saurin ci, ka yi gaggawa ke nan, koma tazarar baya. Aikin makonni ne, wani lokaci watanni. Inda mutane ke ɓata shi shi ne su tsoma hannu a kwanon, ko su ɗauke shi don wai kare ya san mai gida. Wannan tabbatar masa yake yi cewa abin da yake tsoro gaskiya ne. In ya ɗauki abin da bai kamata ba, musaya ake yi: a jefa nama nesa, in ya bi sai a ɗauke.

Ko bayan ya gyaru, ba a barin yaro ƙarami da kare su kaɗai, kowane iri ne.

TAMBAYA: Ina son kare mai gadi wanda kuma ba zai cutar da iyalina ba. Wasu sun ce Jaman Shefad, wasu Rotwaila, wasu Bowabul. Wanne ne ba ya juya wa mai shi? (Mai shirin sayen kare)

AMSA: Ɗan'uwa, babu irin da za a rantse maka a kansa. A 2022 mujallar kimiyya ta Science ta buga binciken da aka yi a kan karnuka sama da 18,000, aka tarar iri yana bayyana kusan kashi 9 cikin 100 ne kacal na bambancin hali tsakanin kare da kare. Abin da iri ke faɗa maka da tabbaci shi ne girman jiki, yawan kuzari, da cututtukan da ake gado. Girman kuwa ba abin wasa ba ne, don kuskuren kare mai kilo 10 daban yake da na mai kilo 60.

Jaman Shefad asalinsa karen kiwo ne, wani jami'in sojan doki, Max von Stephanitz, ya kafa ƙungiyarsa a Jamus a 1899. Namiji yakan kai kilo 30 zuwa 40. Yana da saurin koyo, yana manne wa mutanen gida, amma yana son aiki da tafiya kamar awa 2 a rana. In aka bar shi zaune, haushi da tauna kaya da zagayen wuri guda za su biyo baya. Rauninsa gaɓar ƙugu, don haka ka ga yadda iyayensa ke tafiya kafin ka biya. Rotwaila sunan garin Rottweil ya ɗauka, inda mahauta suke kora shanu da jan amalanke da shi. Namiji yakan kai kilo 50, ba shi da yawan haushi, wannan ya sa baƙo ke ganin kamar bai yi gargaɗi ba. Bowabul karen gonakin Afirka ta Kudu ne, da yawa suna haura kilo 60. In ba ka taɓa riƙe kare ba, ba mu ba ka shawarar ka fara da shi ba, haka ma Malinuwa na Beljiyam da 'yan sanda da sojoji ke aiki da shi, wanda ba ya gajiya. Labrado ya fi su sauƙin kai da yara, sai dai gadinsa bai wuce haushi ba, ga shi da kwaɗayi da saurin ƙiba.

A ganinmu, ga mai farawa, Jaman Shefad daga iyaye masu natsuwa ya fi. Kuma kada ka raina karen gida da ba shi da takardar asali. Yawancin abin da ake nema a gadi haushi ne da zai ta da mutane, wannan kuwa yana yin sa sarai, ga juriya.

Ko wanne ka zaɓa, ka dage sai ka ga uwar. In tana ɓuya ko tana kai wa baƙo hari, ka haƙura da 'ya'yanta, don tsoro ana gadonsa, ana kuma koyonsa. Kada ka karɓi kwikwiyon da bai cika mako 8 ba. A makonnin nan ne yake koyon sassauta cizo: in ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya bar wasan.

TAMBAYA: An ce in ina son kwikwiyona ya yi zafi in ɗaure shi a lungu, kada ya ga kowa sai ni. Gaskiya ne? (Wani matashi)

AMSA: Zai yi zafi kam, amma ba irin wanda kake so ba. Abin da za ka samu shi ne matsoracin kare da bai san bambancin ɓarawo da ƙanenka ba. Kare in ya tsorata hanya biyu gare shi, gudu ko faɗa. Sarƙa ta toshe masa gudu, saura me? Shi ya sa ranar da ta tsinke, wanda ya fara cin karo da shi ne ke shan cizo, sau da yawa ma yaro.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga mako 3 zuwa kamar mako 14 ne kwikwiyo ke karɓar sabon abu a matsayin abin da aka saba, bayan haka sai ya fara zargin duk abin da bai sani ba. A wannan tsakanin ka nuna masa maza da mata, yara da tsofaffi, mai sanda, mai hula, ƙarar babur da ta mota. Minti 5 zuwa 10 ya isa a zama guda, shi zai matso da kansa, ba a tura shi, kuma kowane baƙo ya ba shi ɗan abin tauna. Ka riƙa taɓa kunnuwansa da tafin ƙafa da baki, don ranar zuwa asibiti. Da yake allurar riga-kafinsa ba ta kammala sai wajen mako 16, kada ka sauke shi inda karnukan da ba a san lafiyarsu ba ke kashi, saboda cutar fabo mai sa amai da gudawar jini. Ka ɗauke shi a hannu, ko baƙin su zo gida. Kishin gida kuwa ba koya shi ake yi ba, in ya girma zai zo da kansa.

TAMBAYA: Karenmu ya shekara 8 bai taɓa yi wa kowa gurnani ba. Kwanan nan in an shafa kansa ko an tashe shi daga kwance sai ya kai cizo. Tsufa ne? (Wata uwa)

AMSA: Hajiya, kare mai haƙuri da ya canza rana ɗaya, a fara neman ciwo kafin a yi maganar hali. Tunda a kai ne, ki duba ko yana girgiza kai ko sosa kunne, ko kunnen na wari, ko yana tauna da gefe guda, dasashi ya yi ja. Wahalar miƙewa daga kwance kuma ciwon gaɓoɓi take nunawa. Wani kuma ji ko gani ne ya ragu, hannu ya sauka a kansa bai san da zuwan mutum ba. A kai shi wurin likitan dabbobi cikin kwanakin nan, da takunkumi mai kama da kwando wanda zai bar shi ya yi haki. Kafin nan a riƙa kiran sunansa daga nesa, kada a taɓa shi yana barci. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin ibuprofen ko diclofenac, suna huda masa ciki su lalata ƙoda. In kuma ba a yi masa allurar riga-kafin ciwon haukan kare ba, sannan ga dalalar miyau ko muryarsa ta canza, a kulle shi kada kowa ya taɓa, a kira likita ya zo.

TAMBAYA: Dandaƙa tana kashe zafin kare? (Mai karatu)

AMSA: Tana rage yawon bin mata, wani lokaci da faɗa da sauran maza. Cizon tsoro da na kishin abinci ba ta taɓa su.

TAMBAYA: Karen maƙwabta ya ciji 'yata a ƙauri, raunin ɗan ƙarami ne, mun wanke mun ɗaure. Sun ce karen lafiyarsa lau. Sai mun je asibiti? (Wani uba)

AMSA: Ku tafi yau, Malam, Allah ya ba ta lafiya. Ciwon haukan kare ba ya duba girman rauni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka daga kare ake ɗauka. Ƙwayar cutar tana bin jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, yawanci wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani har shekara. Rauni zai warke a manta da shi. Ranar da alamu suka bayyana kuwa, kusan babu mai tsira. Allura kafin nan tana hana shi.

Wankin da ake nufi ba na shafa ruwa ba ne. Sabulu da ruwa mai gudana ne na minti 15 cur, a duba agogo, sannan a sa aidin. Kada a ɗaure tamau, kada a cusa komai a ciki. A asibiti ma ba a gaggawar ɗinke irin wannan rauni. Jadawalin allurar da aka fi sani shi ne ranar farko, sai bayan kwana 3, 7 da 14 daga ranar farkon, wasu wuraren har 28. In haƙori ya huda fata, akwai wata allurar garkuwa da ake yi a cikin raunin da kewayensa sau ɗaya, ku tambaye ta, ku tambayi ta tetanos ma.

Karen kuma kada a kashe shi, kada a bari ya ɓace. A tsare shi kwana 10 ana ba shi ci da sha. In yawunsa na ɗauke da cutar ranar da ya yi cizon, zai kwanta ciwo ko ya mutu cikin kwanakin nan. In ya cika su garau, likita na iya dakatar da sauran alluran, amma ba a zaman jiran kwana 10 kafin a fara. Ku nemi maƙwabtan su nuna katin riga-kafinsa. Ana yin ta farko yana wata 3, a maimaita bayan shekara, sannan a ci gaba yadda likita ya tsara.

Ita kuma yarinyar ku koya mata, in kare ya taso mata kada ta gudu ko ta yi ihu, don gudu ne ke sa shi bi. Ta tsaya cak, hannuwa a jiki, ta kau da ido, in ya sarara ta ja da baya a hankali ba tare da ta ba shi baya ba. In ya ka da ita, ta dunƙule, gwiwoyi a ƙirji, ta rufe kunnuwa da wuya da hannuwanta.