Ina Zan Buga Idan Mahari Ya Riƙe Ni?

Tambaya: Ni mace ce mai ƙaramin jiki, kuma nakan dawo daga aiki da dare. Idan wani ya cafke ni, ina ya kamata in buga domin in kuɓuta?

Amsa: 'Yar'uwa, abin da kike nema shi ne damar tserewa, saboda haka idan kuɗi ko waya yake so, musamman in yana ɗauke da makami, ki miƙa masa. Amma idan ke yake nufi da cuta, ki kai hannu inda tsoka ba ta karewa, wato idanu, hanci, maƙogwaro da al'aura. Ki bugi hancinsa da tudun tafin hannunki, domin naushi kan karya yatsun wanda bai saba ba, kuma bugun hanci yana cika idanu da hawaye nan take. Idan wuyan hannunki ya riƙe, ki murɗa ki fizge ta wajen babban yatsansa, inda riƙon ya fi rauni. Ki kiyayi maƙogwaro sai in ranki na cikin haɗari, don bugunsa na iya kisa. Da zarar ya sake ki, ki ruga wajen jama'a kina ihu.