Amsa ga 'yar uwar da barci ya ƙaurace wa tun da suka sauya unguwa

Wallahi 'yar uwa, ina karanta tambayarki hawaye na zubo min. Kin ce tun da kuka koma gidan haya a lungu ba kya barci, gabanki na faɗuwa ba dalili, kina tambaya ko unguwa na iya jawo haka ko imaninki ne ya yi rauni. Unguwa na jawowa, ni ganau ce.

Mu a Kurna muka zauna, gida cike da 'yan haya, banɗaki ɗaya, kwata ta bi ta ƙofar ɗakina. Amma abin da ya fi ci min rai mai gidan hayar ne. Daren da ruwan sama ya shigo mana, ina tsaye da goyo, ruwa har ƙauri, ina kwarfewa da roba. Katifa ta jiƙe sharkaf, garin masarar da muka ciyo bashi ya zama kunu. Gari na wayewa sai ga shi. Ko sannu bai ce ba, kuɗin haya ya tambaya, har da batun ƙari. A gaban matan gida ya ce in ba za mu iya ba mu kwashe tsummokaranmu. Tsummokara fa! Na bar shi da Allah, amma har yau in hadari ya haɗo sai cikina ya murɗa. Daga ranar na daina cin abinci sosai, ina dukan yara kan abin da bai kai ya kawo ba, dangin miji na cewa aljanu ne.

Rahoton da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar a 2022, wanda ya ce mutum miliyan 133 a Najeriya na cikin talauci, ba kuɗin aljihu suka auna ba. Ruwan sha suka duba, da banɗaki, da irin ginin gida, da abin girki, da nisan asibiti, da yaran da ba sa zuwa makaranta, da rashin aiki da tsaro. To wadda duk waɗannan suka taru a kanta, ga kuɗin ɗan garuwa kullum, ga ihun ƙwacen waya da dare, yaya zuciyarta za ta kwanta?

Don Allah ki je asibiti. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, ga kuma na Dawanau, kuma ba sai wanda ya fita hayyacinsa ake kaiwa ba. Ciwon damuwa likita ya ce min, na sha magani na samu sauƙi. Ki riƙe azkar ɗinki, ba ya hana magani. Kar ki sayi maganin barci a kemis da kanki, ki sa a auna miki jini. Yaranki maza kuwa, magariba na yi su shigo gida, kin san halin daba. Ki zaunar da maigida ki gaya masa komai, in da hali ku shiga adashe don kuɗin wani ɗakin kafin damina ta kama.