Tambaya da Amsa: Shin haihuwa tana kawo ƙarshen gudun 'yar tsere?

Tambaya: Na sha jin ana cewa da zarar mace 'yar tsere ta haihu, ko ta haura shekara 30, to ta gama yayi. Akwai wadda ta ƙaryata wannan magana a fagen duniya?

Amsa: Akwai, 'yar'uwa, kuma babbar shaida ita ce Shelly-Ann Fraser-Pryce ta ƙasar Jamaika, wadda aka haifa a 1986 ta tashi a unguwar talakawa ta Waterhouse a birnin Kingston. Ta ci lambar zinare ta tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Beijin a 2008, ta sake ci a Landan a 2012, sannan ta samu tagulla a 2016 tana fama da ciwon ɗan yatsan ƙafa.

A watan Agusta na 2017 aka yi mata aiki aka ciro ɗanta. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga mai gajeren tsere, domin tsokar ciki da ta ƙugu ce ke riƙe jiki a daidai lokacin da bindigar tashi ta yi ƙara, mai gudu ta yunƙura daga durƙuso, kuma aikin yakan bar wurin da rauni na tsawon watanni. Duk da haka, a gasar duniya ta Doha a 2019 ta zo ta ɗaya cikin daƙiƙa 10.71, ta zagaya filin tana ɗauke da yaron. Gudunta mafi sauri, daƙiƙa 10.60, ta yi shi ne a 2021, bayan haihuwa, kuma a 2022, tana da shekara 35, ta ci kambun duniya na biyar a mita 100.

A ganina sirrin yana cikin salon gudunta. Gajeriya ce, tsayinta bai fi mita ɗaya da rabi da kaɗan ba, saboda haka ba ta da dogon taku. Ƙarfinta shi ne saurin tashi da yawan taku, ta yadda kafin dogaye su miƙe sosai ta riga ta ba su rata. Irin wannan gwaninta horo ne ke kiyaye ta, ba ƙuruciya kaɗai ba.

Sai dai kada a ɗauka kowace mace za ta iya haka, domin dawowarta ta jingina ga likitoci, masu horarwa da kuɗin da ba kowace 'yar wasa ke da su ba.