Tambaya da Amsa: Turaren wuta yana tayar mini da ciwon ɓarin kai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce mai shekara 29. Duk lokacin da na shiga ɗakin da aka turara, ko wata mai humra ta zauna kusa da ni a gidan biki, sai ɓarin kaina ya riƙa sara, zuciyata tana tashi, har in kasa jure haske. Ga shi kuma maigidana yana son ƙamshi a gida. Mece ce mafita? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Alamomin nan sun yi kama da ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira migren. Ya fi kama mata, kusan ninki uku na maza, kuma idan ba a sha magani ba yakan ɗauki awa 4 zuwa 72. Ba turare kaɗai ke tayar da shi ba. Warin fetur, hayaƙin janareto, sigari, sabon fenti da maganin sauro duk suna iya tsokano jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga hanci da fuska zuwa ƙwaƙwalwa.

Sai dai akwai abin lura. Wani lokaci ciwon ya riga ya kunno kai kafin a ji sarar, shi ne yake sa ƙamshin da kika saba da shi ya zama abin ƙyama. Saboda haka ki tanadi ɗan littafi, ki riƙa rubuta ranar da ciwon ya zo, abin da kika shaƙa, barcin da kika samu, da kuma kwanakin al'adarki, domin ta haka ne za a gane mai laifin.

A gida, ku daidaita da maigida a riƙa ajiye kaskon turaren ba kya ɗakin, a bar tagogi a buɗe har hayaƙin ya fice. Da zarar kin ji alamar farko, ki fita iska, ki sha ruwa da farasitamol ko ibuprofen, sannan ki kwanta a ɗaki mai duhu da jiƙaƙƙen tsumma a goshi. Mai juna biyu ko mai gyambon ciki ta guji ibuprofen. Shan waɗannan magunguna kwana 15 ko fiye a wata yana iya haifar da wani ciwon kan na daban, don haka idan abin ya yawaita ki ga likita, wanda zai iya rubuta miki sumatriptan, ko maganin rigakafi irin su propranolol.

Idan kuwa ciwon ya zo farat ɗaya da tsananin da ba ki taɓa ji ba, ko da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko shanyewar wani sashen jiki, a garzaya da ke asibiti nan take.