Zan kwana a gidan kan dutse a Jamus, me ya kamata in saya?

Tambaya: Salam Yaya, ina karatu a Munich, abokaina sun ce mu je Rotwandhaus mu kwana ɗaya. Kuɗina kaɗan ne, in yi rajista da DAV, ƙungiyar masu hawan dutse ta Jamus, ne ko in sayi kaya kawai, kuma wane kaya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Toh Rotwandhaus yana kan tsayin mita 1737 a saman tafkin Spitzingsee, kuma ba kamar yawancin gidajen tsaunukan Alps da ke buɗewa daga Yuni zuwa Satumba kawai ba, shi kusan duk shekara yana aiki, da zafi masu tafiyar ƙafa da masu keke, da sanyi kuma masu zamiya a kan dusar ƙanƙara. Amma yakan rufe wajen Nuwamba, kira su tukuna ka kama gurbi.

Kuɗinka dai zuba shi a takalmi, don Allah. Hawan awa biyu da rabi ne daga bakin tafki, kuma saukowa ta fi cin ƙafa, in takalmin ya matse maka yatsu wallahi kowane taku sai ka ji shi har ƙwaƙwalwa. Gwada shi da yamma da safa mai kauri, ka yi sati kana yawo da shi a gari kafin ranar. Buhun kwana mai tsada kam bar shi, akwai bargo a can, abin da suke wajabtawa siririn buhun yadi ne da ake kira Hüttenschlafsack, ba shi da tsada. Ɗauki tsabar kuɗi don ba ko yaushe kati ke aiki ba, da silifas saboda takalmin hawa baya shiga ɗakin kwana, ƙarfe 10 na dare kuma kowa tsit.

Maganar DAV, in sau ɗaya za ka je bar ta. In ka ga abin zai shiga ranka to yi, ana rage wa mambobi kuɗin kwana sosai, amma ni abin da ya fi damuna inshorar ceto ce da ke ciki, don in helikwafta ta ɗauko mutum kuɗin ba na ɗalibi ba ne.

Abinci kuma ka tambaya kafin ka ci, Speck naman alade ne kuma suna sa shi har cikin miya. In zuwan farko ne ka je da zafi, hawan sanyi sai da wanda ya san hanya.