Tambaya da Amsa: Motocin wasa a gaban kyamara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina tara ƙananan motocin wasa na ƙarfe, irin su Hot Wheels da Matchbox, kuma yanzu ina koyon tsara seti, wato wurin da ake ƙawatawa don ɗaukar shiri, a wani gidan talabijin. Shin za su yi min amfani a wannan aiki, ko dai su ci gaba da zama a kabad? — Mai karatu daga Kaduna

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Za su yi amfani ƙwarai, amma fara rarraba su bisa ma'auni tukuna. Yawancin waɗanda ka ambata suna kusa da 1:64, wato an rage girman motar gaske sau 64. Masu tsara seti kuwa sun fi gina samfurinsu na kwali a 1:25 ko 1:50 domin darakta ya ga inda zai kafa kyamara kafin a sayi katako. A 1:25, ƙofa mai tsawon mita 2 tana komawa santimita 8, mutum kuma kusan santimita 7. Motar 1:24 ce abokiyar tafiyar wannan samfuri. Idan ka ajiye ta 1:64 a ƙofar gidan, nan take ido zai gane. Ƙananan ka bar su don tsara titi ko tasha.

Idan kuma so kake a ɗauki motar ta fito kamar ta gaske, to aikin ya fi haka yawa. Ba sabon abu ba ne: a Ingila an yi shirin Thunderbirds na 1965 da ƙananan samfura. Abin da ke fara tona asiri shi ne gudu, domin ƙaramin abu yana motsi da sauri ba nauyi. Maganinsa a ƙara yawan firam, wato hotunan da kyamara ke ɗauka a daƙiƙa, domin motsin ya rage sauri idan an nuna shi a talabijin: nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da ma'aunin, ka ninka ta da firam 25 na talabijin ɗinmu. A 1:25 lambar 5 ce, ke nan firam 125 a daƙiƙa, kuma wayoyi da yawa suna ɗaukar 120. A 1:64 sai 200.

Sai fokas. Idan kyamara ta matso, gaban motar zai fito sarai, bayanta ya dushe. Tsuke idon kyamara zuwa f/16 ko f/22, ka ƙara fitila, ka sauke kyamarar daidai tsayin idon ɗan mutumin samfurin.

Ƙyallin fenti ma matsala ne. Motar da ke yawo a titunanmu ba ta sheƙi haka. Fesa mata fanis marar sheƙi, ka tsarma baƙin fenti ko ruwan ƙasa da ruwa, ka shafa, ka goge, ya maƙale a lunguna. Ƙasar hanya kuma a tankaɗe ta da rariya mai laushi, a manna da farin gam na kafinta da aka haɗa da ruwa rabi da rabi, saboda ƙwayar yashi mai milimita 2 dutse ce mai santimita 5 a ma'aunin 1:25. Ruwa da wuta kam ba sa ƙanƙancewa, ka guje su.

Tambaya: Wani furodusa yana son aron kayan da na tara. In ba shi? — Mai karatu daga Maraɗi

Amsa: Ki ba shi, Malama, amma ban da waɗanda ke cikin kwalinsu, don da zarar an buɗe darajarsu ta faɗi a wurin masu tarawa. Ki ɗauki hoton kowanne, a rubuta kuɗin haya da na diyya, a kuma bayyana ko an yarda a taɓa fenti. Ki cire batir, kuma ki roƙa a haska su da fitilar LED, domin tsofaffin fitilun seti suna da zafin da zai lanƙwasa roba.