Amsa: Farauta ce ke ƙarar da talotalon daji a Amurka?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mafarauta ne suka jawo raguwar talotalon daji a Amurka. Suna da hannu, amma ni a ganina babbar matsalar tana wajen ƙyanƙyasa.

A farkon ƙarni na 20 saura ƙiris tsuntsun ya ƙare saboda sare dazuzzuka da harbi ba ƙaidi. Dokar Pittman-Robertson ta 1937, wadda ta ware harajin bindigogi da harsasai domin kula da namun daji, ita ta samar da kuɗin da aka riƙa kama su da raga ana kai su dazukan da suka ƙare a cikinsu. Sai da suka kai kusan miliyan 7, sannan suka soma ja da baya, musamman a jihohin kudu maso gabas.

Dubi yadda uwar take. A ƙasa take zuba ƙwai 10 zuwa 12, ta yi kwanci kwana 28. 'Yan tsakin kuma sai sun yi kusan mako 2 kafin su iya tashi su hau reshe. Idan babu doguwar ciyawar ɓuya, rakun (wata ƙaramar dabbar daji mai cin ƙwai) da macizai da shaho sun samu kalaci. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne irin wannan ciyawa ce ke ta ɓacewa.

Inda farauta ta shigo shi ne harbe manyan maza kafin su gama barbara. Shi ya sa a 2022 jihar Jojiya ta jinkirta buɗe lokacin farauta, ta rage adadin da mutum zai harba daga 3 zuwa 2. Na goyi bayan haka, amma sai an haɗa da gyaran daji.